Kaset ɗin Baba Bambai

Har yau ban manta da ranar da wani tsoho ɗan Indiya ya sa na ajiye biro ban sa hannu a takardar kaya ba. Cikin damina ne, shekarar 1998, ina shekarata ta biyu a Guangzhou ta ƙasar Caina.

Wakilci nake yi a lokacin. Maigidana Alhaji Sule yana sayar da kaset na waƙoƙin fina-finan Indiya a Kano, ni kuma ni ne idonsa da kunnensa a can. Ga waɗanda ba su riski aikin ba, tsarinsa ke nan. Wani ofishin Indiyawa a bayan titin Liuhua Lu ke ba da uwar kaset, wato ta asali. Masana'antar wani ɗan Caina ta kwafe ta. Kafin a rufe kwantena sai in je in zari kaset daga kwalaye daban-daban, in saurari farko da tsakiya da ƙarshe. Idan babu ƙara, babu tauna, in sa hannu. Daga nan duk abin da ya biyo baya a wuyana yake.

A makon na gaji matuƙa. Sau uku ina tafiyar awa biyu a bas zuwa masana'antar, ana ce mini "meyo", wato babu, ba a gama ba. Rigata ba ta bushewa don laima. Jirgin ruwa zai tashi ranar Asabar, sai ranar Alhamis aka ce kaya sun kammala.

Ofishin Indiyawan kan turo wani tsoho ya raka uwar kaset ya koma da ita. Baban matar mai ofishin ne, mu 'yan Kano muna kiransa Baba Bambai. Siriri ne, kullum da mayafi a wuya ko da ana zafi, da filas na ruwan ɗumi a hannu. Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Ina kan kaset na biyar, biro a hannuna, sai ya yi magana daga kan bencin da yake zaune. Turancinmu duka gurgu ne, amma muna fahimtar juna.

"Habu, maido wannan waƙar."

Na maido. Waƙa ce da na sani tun ina tsallake katangar silima, ta wani mutum da ke kiran masoyiyarsa a tashar jirgin ƙasa.

"Ta yi sauri," in ji shi.

"Baba, lafiyarta lau. Na san waƙar nan kamar yunwar cikina."

Bai yi musu ba. Ya ajiye filas, ya sassauta mayafin, ya bi waƙar da bakinsa. Murya iri ɗaya ce sak, sai dai tasa tana ƙasa da ta rediyon kaɗan, kuma tana biyowa a baya.

"Ni na rera ta, kuma da wannan muryar," ya ce. "Wannan da kake ji muryar ƙanena ce, ni kuwa ba ni da ƙane."

Na dubi hoton da ke jikin kaset ɗin, na jarumin fim ɗin da gashin bakinsa. Shekara talatin da biyu gare ni, kuma har ranar na ɗauka shi ke waƙar. Baba Bambai ya ce jarumi baki kawai yake motsawa, masu waƙa suna can a ɗakin ɗauka, watanni kafin a fara fim.

Mai masana'antar, wanda muke kira lawban, ya yi dariya ya ce tsufa ne ya saukar da muryar mutum. Sai na cire agogona, muka saka uwar kaset, muka saka kwafin. Kwafin ya riga ƙarewa da 'yan daƙiƙu. Muka gwada wasu uku, duk haka. Injin ne ya kauce, kuma duk kayan ta cikinsa suka bi.

Lawban ya fita neman injiniya, ya bar mu a ɗakin ana ruwa kan kwano. A nan tsohon ya ba ni labarinsa, a hankali, kamar na wani yake bayarwa. Ya bar ƙauyensu zuwa birnin Bambai yana da shekara goma sha tara. Ya yi shekara takwas cikin 'yan amshi, yana kwana a barandar wani tela. Sai aka ga muryarsa ta dace da fuskar wannan jarumin, ya yi shekara goma sha biyu yana masa waƙa. A zamaninsu tare da makaɗa duka ake ɗauka, in mutum ɗaya ya yi kuskure kowa ya koma farko. Wannan ta tashar jirgi sau goma sha ɗaya ya yi ta, da zazzaɓi a jikinsa. Da jarumin ya tsufa aka daina sa shi a fim, shi ma aka daina kiransa, aka ce duk wanda ya ji muryar tsohuwar fuskar zai tuna. Matarsa ta rasu, 'yarsa ta ɗauko shi.

Lawban ya dawo ya ce gyara da sake kwafi sai kwana shida. Ya ƙara da cewa wa zai gane a Afirka. Na ari wayar ofishinsa na kira Kano.

"Kai Habu," in ji Alhaji, "waƙa na aike ka koyo ko kaya? Waƙar tana fita?"

"Tana fita, ranka ya daɗe."

"To sa hannu."

Na dubi tsohon. Bai roƙe ni ba. Yana naɗa mayafinsa ya ce, "Takardarka ce, ɗana."

Ba jarumta ba ce ta hana ni. Kunya na ji. Shekara biyu ina sa hannu cewa na saurara, ashe ƙara da tauna kawai nake farauta, ban taɓa jin waƙar ba. Na mayar da biro aljihu.

Jirgi ya tafi ba mu. Kayan suka isa Kano bayan na abokan hamayyar Alhaji da mako uku. Bai kore ni nan take ba, sai da shekara ta ƙare ya turo ɗan yayarsa ya karɓi aikin. Kuma a iya sanina babu mai saye ko ɗaya da ya taɓa cewa kaset ɗinmu ya fi na wasu daɗi. Lawban bai yi ƙarya ba.

Ranar da aka gama sabon kwafin, Baba Bambai ya saurara ido a rufe har ƙarshe, ya gyaɗa kai. Sai ya tambaye ni ko da gaske ana jin waƙar a garinmu. Na ce teloli da direbobi sun haddace ta, ba tare da sun san ma'anar kalma ɗaya ba. Sai ya ce, "Suna jan numfashi a inda nake ja?" Na ce ban sani ba. Shekara ta zagayo ya koma ƙasarsu, ban sake jin labarinsa ba.

Ku da kuke duba kaya yanzu, ba zan ce muku gaskiya tana biya ba, ni ba ta biya ni ba. Amma duk kwalin da ya zo gabanku, akwai wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan abin da ke ciki, kuma ba hotonsa ne a jiki ba. Yawanci ba ya ɗakin lokacin da za ku sa hannu.