Bawa Mai Rediyo da Kwamfutar Kalgo

Bawa ɗan garin Malisa ne, amma a Gwandu aka san shi. Ya fi shekara ashirin a rumfarsa kusa da tasha yana gyaran rediyo da kaset. A aji huɗu ya bar boko, sai dai in ya ga zanen wayoyi a jikin na'ura, yakan gane shi tsaf.

A daminar 1998, wata Laraba da hantsi, Rahmatu 'yar ƙanwarsa ta sauko daga bas. Ita ke buga takardu a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa a Kalgo, inda aka ba su tsohuwar kwamfuta.

"Kawu, ta ƙi tashi," in ji ta. "Faifan ajiya biyu gare ta. Injiniyan da ya kawo ta ya cire guda ya wuce Kaduna. Tun sannan in na kunna, sai baƙin allo."

"Ɗiyata, ban taɓa buɗe irin wagga ba."

"Zo dai ka gani."

Ya ɗauki sukudireba da hantsaki suka hau bas.

Da suka isa ofishin ya buɗe akwatin kwamfutar, ya daɗe yana kallo bai taɓa komai ba. A bayan faifan da ya rage ya ga zanen 'yan ƙusoshi iri biyu. Rahmatu ta karanta masa Turancin: na farko in faifai biyu ne, na biyu in shi kaɗai ne. Bawa ya duba ƙusoshin gaske, ya ga wata 'yar baƙar hula kamar ƙwayar wake zaune a mazaunin faifai biyu. Zane na biyu babu hula, sai ya yi bisimilla ya zare ta.

Aka kunna, ta sake tsayawa. Sai Rahmatu ta tuna maɓallin da injiniyan ke dannawa ya shiga shuɗin allon saiti. Can ta iske sunan faifan da aka cire, ta goge shi.

Kwamfutar ta yi ɗan ƙara, sunayen manoma suka fito a jere. Bawa ya zauna kan benci yana dariya har da hawaye.

Kafin ya tafi Rahmatu ta buga masa takarda: Bawa, gyaran rediyo, kaset da kwamfuta.

"Guda ɗaya na gyara, ita ma rabi," in ji shi. Amma washegari maƙwabtansa suka ga takardar manne a ƙofar rumfa, cikin leda saboda ruwa.