Kan Matan Gbagyi Ba Na Kaya Ba Ne

An kore ni daga aiki saboda laifin wani namiji. Wannan ya faru tun kafin a fara maganar gina birnin tarayya, lokacin Karu ƙauye ce. Ni bazawara ce a lokacin, da 'ya'ya a gabana, ban yi boko ba. Wani ɗan kwangila mai gyaran hanya ya ɗora ni a kan matan Gbagyi masu ɗebo tsakuwa da ruwa, don a cikinsu na girma, ina jin yarensu. Ni ke tara su, ni ke raba aiki, ni ke kashe faɗa. Amma kuɗin lebura ake biya na.

Da za a naɗa heluma, wato shugaban leburori, na ce a ba ni. Oga ɗan kwangila ya yi dariya, ya ce mace ba ta tsawa. Sai ya ɗauko wani yaron mota daga wani gari, shi ma bai san bihim ba, ya ɗora shi a kaina. In ya yi ihu a ce jarumi ne, in na ɗaga murya a ce ba ni da kunya.

Matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya. Suna cewa kai ya riga ya ɗauki nauyin tunani, ba a ƙara masa wani. Heluma ya ce ƙauyanci ne, dole kowa ta ɗora kwanon sarki a ka. Na ja shi gefe na ce ya bari. Ya ce shi ba ya karɓar shawara daga zani. Ranar da ya ɗauki kwano da hannunsa ya kifa wa wata tsohuwa a ka, matan suka ajiye kaya suka tafi. Ba wadda ta dawo.

Oga ya ce ni na zuga su. Ya sallame ni a gaban jama'a. Shi kuwa heluma aka kai shi wani aikin, har da keke.

Abin da na koya ke nan: namiji ake ba kujera, mace ake ba laifi. 'Yar'uwata mace, kada ki yarda ki riƙe mutane ba tare da an kira ki da sunan muƙamin ba. In abu ya lalace, ke za a nema.

Ina nan Karu, na tsufa, ina sayar da doya a bakin hanyar da na zuba wa tsakuwa.