Ruwan Kifi, Ruwan Alwala

Akwatin kifin gado muka yi daga wani abokin aikin maigidana, mutumin Filato, da aka yi wa canjin wurin aiki. Akwati ne na gilashi, tsawonsa ya kai kamu biyu, cike da ƙananan kifaye masu launin atamfa, waɗanda ko an haɗa su duka ba za su ƙosar da mage ba. A cikin kayan da suka zo da shi har da hita, wata siririyar kwalba da ake manna ta a jikin gilashi don ta ɗumama ruwan. Da na ji an ce hita a Katsina na yi dariya, domin mu nan abin da muka sani shi ne neman ƙanƙara. Mutumin ya ce mu jira sanyi ya shigo. Ya kuma ja kunnenmu da abu ɗaya: matuƙar hitar na kunne, kada a bari ta fito saman ruwa. In ta fito za ta yi zafi fiye da kima ta fashe, kifayen nan kuwa ba sa jure sanyi.

Maigida ya ajiye akwatin a falo, ya haɗa shi da wutar sola, wadda aka hana ni ko jona butar shayi a kanta. Da sanyi ya kankama sai ya zamana a gidanmu na Ƙofar Marusa kifi ne kaɗai ke kwana cikin ruwan ɗumi. Mu bayin Allah sai an hura gawayi.

A cikin sanyin nan ne Hajiya, mahaifiyar maigida, ta zo daga Ƙofar Sauri ta zauna da mu saboda ciwon gwiwa. Ranar farko ta tsaya ta daɗe tana kallon akwatin, ta tambayi yaushe za su girma a ci. Da aka ce mata ba a ci, kallo kawai ake yi, ta ce to Allah ya ba da lada.

Ba a jima ba ruwan akwatin ya fara raguwa. Kullum da safe sai a tarar ya sauka. Maigida ya ce busasshiyar iska ce ke shanye shi. Ya sake tunani ya ce gilashin ke yoyo, ya bi kusurwa-kusurwa da auduga, bai samu ko laima ba. Ni kuwa na lura da moɗa a jiƙe a bayan kujera, na kuma taɓa butar Hajiya wata asuba na ji ta da ɗumi, alhali ko ashana ba a ƙyasta ba a gidan.

Washegari na riga kiran salla tashi, na same ta ta ɗaga murfin akwatin tana ɗiba a hankali, tana kore kifayen da bayan moɗa kada ta kwaso wani. Ba ta ko razana ba. Ta ce in koma in kwanta, ba ta son a riƙa tayar da ni hura wuta saboda tsohuwa. Ta ƙara da cewa kifi ba ya ɓata ruwan alwala, wannan tun tana yarinya ta san shi, kuma ga ruwa Allah ya ɗumama ba mai amfani da shi.

Na ce to, Hajiya. Me zan ce? Matar da ko ƙarin gishiri ba ta taɓa nema a miyata ba, ita zan hana moɗa biyu na ruwa?

Na gaya wa maigida, ina zaton shi da yake ɗanta zai iya. Shi ne ɗan fari, ko sunansa ba ta kira, shi ma bai iya haɗa ido da ita. Abin da ya yi shi ne ya tara yaranmu a gabanta bayan la'asar, ya yi musu dogon bayani da babbar murya a kan hita da hatsarin taɓa ruwan kifi. Yaran suka yi tsuru-tsuru. Hajiya ta goyi bayansa, ta ce yaran yanzu ba sa jin magana, duk wanda ta kama a wurin akwatin sai ta saɓa masa.

Na koma ajiye mata filas na ruwan zafi a ƙofar ɗakinta. Da safe sai ta miƙo mini shi a cike, ta ce ta adana wa jikokinta na shayi. Daga nan na haƙura, na riƙa cike akwatin da kaina kafin maigida ya fito, shi kuma ya riƙa yaba wa kansa cewa yoyon ya tsaya.

Sai ƙanwar Hajiya ta zo dubiya ta kwana. Hajiya mai karamci ce, ba za ta yi alwala da ruwan ɗumi baƙuwarta ta yi da na sanyi ba. Buta biyu aka cika, aka ƙara da na wanke fuska. Hitar ta fito fili tana ta zafi. Da Hajiya ta ga ruwan ya sauka da yawa, sai ta ji nauyin kifayen, ta ɗebo ruwan randar tsakar gida, wanda ya kwana a waje, ta juye musu. Ina ɗaki na ji ƙara kamar an taka kofin gilashi, wutar gidan ta ɗauke. Allah ya tsare, hannunta ba ya cikin ruwan.

Maigida ya zare wayar, ya fita neman wata hitar. Ya zagaya kasuwa, duk inda ya je sai a miƙo masa irin ta bokiti, wadda za ta dafa kifin har da ƙaya. A ƙarshe aka ce sai an aiko daga Kano.

Kafin hantsi kifayen sun kwanta a ƙasan akwatin, sun naɗe fukafukansu, launinsu ya koɗe. Wasu ƙanana biyu suka juya ciki sama. Na kwashe su da ludayi ina hawaye, ina jin kunyar hawayen, don na sha yanka tarwaɗa ban ji komai ba. Na cika gorunan roba da ruwan zafi, na toshe, na saka su suna yawo a saman ruwan. Hajiya ta dogaro sandarta ta tsaya a kaina.

"Ɗiyata, mi ya same su?"

"Sanyi ne, Hajiya. Kwalbar nan ita ke riƙe da ransu. In ruwa ya sauka ta fito, fashewa take yi."

Ta dubi moɗar, ta dube ni.

"Kuma kuna kallona kullum ina ɗiba, ke da mijin naki, kuka rasa mai baki?"

Na ce mun ji nauyi ne. Ta ce nauyin da ya kashe rai biyu ba ladabi ba ne, kuma ita za a tambaya ranar gobe, ba mu ba. Ta shiga ɗaki ta fito da bargonta na Makka ta lulluɓe akwatin. Ta ja kujera ta zauna da carbi, goran da ya huce ta miƙo mini in canza, ta riƙa gwada ruwan da gwiwar hannu kamar na wankan jariri. Haka muka yi ta yi har hitar Kano ta iso. Sauran kifayen suka tashi, sai wani mai doguwar wutsiya da ya bi 'yan uwansa biyun da suka mutu.

Maigida ya ci gaba da gaya wa baƙi cewa hitar farko ce ba ta da inganci. In Hajiya na wurin sai ta ce ƙarya yake yi, ita ce. Daga ranar kuma ta hana kowa taɓa ruwan akwatin. Ko da lokacin canza shi ya yi, ya fara yin kore, maigida ya zo da bokiti da tiyo yana bayani, ta ce ya ajiye, an gama ɗibar ruwan bayin Allah a gidan nan. Ya ajiye. Sai da gwiwarta ta yi sauƙi, muka raka ta Ƙofar Sauri, sannan muka dawo muka wanke akwatin, ni da shi, muna yi muna waiwayen ƙofa.