Muryar da ke Cikin Na'urar Famfo

A rumfar gyaran wayoyi ta Muddassir, bakin tashar Tasawa, wata mata tana kwance ƙullin ɗankwali a hankali. Ba kwalli a idonta, ba lalle a hannunta. Muddassir yana jin ba ta daɗe da fita takaba ba. Cikin ƙullin akwai 'yar koriyar ordinata, wato kwamfuta, da ba ta wuce tafin hannu ba. Ita ke tada famfon sola na ƙauyensu, can wajen Attantane, ga shi ta daina aiki.

"Inna, sai an zuba mata wani sistem daban," in ji Muddassir. "Amma duk abin da ke ciki zai goge."

Yana jona lasifika, sai muryar wani namiji ta fito da 'yar dariya: "Tanki ya cika, a zo a ɗiba."

Matar ta dafe tebur. Muddassir ya gane muryar marigayi mijinta ce. Ya yi ta ƙoƙarin kwafe muryar, ta ƙi kwafuwa.

"Ƙara sa mani ita," ta ce.

Ta saurara ido rufe, har dariyar ta ƙare.

"Goge, ɗana. Mata na can suna jiran ruwa."