Faci Biyu a Rigar Madu

Duk wanda ya taɓa zama a bayan kasuwar kifi ta Gashuwa ya san Ya Fanna mai faci, in ma bai san fuskarta ba ya san ƙarar keken ɗinkinta. Haifaffiyar Nguru ce, aure ya kawo ta Gashuwa. Da mijin ya rasu sai ta ƙi komawa, ta ɗauko mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Iya, da ƙaninta Madu, suka zauna tare. Ba ta ɗinka sabon kaya, wai wannan aikin yara ne. Ita a kawo mata wandon masunci da ƙugiya ta keta, ko rigar manomin shinkafa da ta mutu a kafaɗa, nan ne za ka ga fara'arta.

Tana da hali guda da ya zame wa unguwa abin tsokana: ba ta jure ganin abu a karkace. Ba ta ɗora faci a kan yagaggen baki, sai ta sa almakashi ta gyara ramin ya fito kusurwa huɗu tsaf. In gwiwar wandonka ɗaya ta fashe, sai ta yi wa duka biyun faci iri ɗaya, ko ka so ko ka ƙi. Masu ƙorafi sun yi sun gaji, ga shi kuma ba su fasa kawo mata aiki ba.

Madu kuwa ita ta goye shi. Ya girma ya zama direban akori-kura, yana kai kwalayen bandar kifi da buhunan tattasai Nguru. Ga surutu, ga tsoro. Mutumin da in za a yanka kaza a gida sai ya tuna yana da uzuri a tasha. Ya Fanna kan ce da shi, "Kai dai gemu kawai Allah ya ba ka." Shi kuma ya yi dariya ya ce ai tsoro ne ya kawo shi wannan shekarun.

Wata ranar kasuwar Nguru, hantsi ya ɗaga, tana tsakar ɗinki, sai ga wani abokin aikinsa ya faɗo gidan ko sallama babu. Ya ce an harbi Madu a wani shingen 'yan sanda da ke kan hanya. Ya Fanna ba ta yi kuka ba, ba ta tashi ba. Ƙafarta ta ci gaba da taka keken, allura na tafiya a kan zane har ta fita daga layi, ita kuwa tana kallon mutumin kamar da wani yare ya yi mata magana. Sai da Iya ta kurma ihu daga ɗaki sannan ta san da gaske ne.

Bayan azahar aka karɓo gawa, bayan la'asar aka kai shi makwancinsa, kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi. Washegari kuma aka ji abin da ya fi mutuwar girgiza mutane. Aka karanta sanarwa a rediyo cewa direban ya sauko daga mota da wuƙa, ya yi kan wani ɗan sanda, shi kuma ya harbe shi a ƙirji don kare kansa. Madu da wuƙa! Matan da ke sayar da gyaɗa da dafaffen ƙwai a shingen sun watse tun ƙarar bindiga ta farko, kowacce ka tambaya sai ta rantse ba ta ga komai ba.

Rigar da ya mutu a cikinta, jamfa ce ta shadda ruwan toka, an kawo ta a ƙulle cikin baƙar leda. Ya Fanna ta ɓoye ta don kada Iya ta gani. Ta kai ta bayan ɗaki ta wanke, ta sake wankewa, har ruwan ya daina yin ja. Da ta bushe ta shimfiɗa ta a kan keke. A baya, ƙasan kafaɗa kaɗan, akwai 'yar huda da bakin ɗan yatsa zai toshe. A gaba kuwa rigar ta yage warwar, tafin hannu zai shige. Hawaye na zuba ta ɗauki almakashi. Ta gyara na gaban ya zama kusurwa huɗu, ta auna, ta yanke na bayan daidai da shi. Ta samo shadda mai kama ta ɗora faci biyu. Ƙyallayen da ta yanke ta jefa su a murhu, don ba ta son a taka abin da jinin ɗan'uwanta ya taɓa. Ranar sadakar bakwai ta haɗa rigar da sauran kayansa ta aika wa liman ya raba wa mabuƙata, ko Allah ya kai ladan ga Madu.

Daga nan rayuwa ta canza musu. Ba wanda ya zo ya ce Madu mugu ne, amma in Ya Fanna ta shiga kasuwa sai hira ta yanke. Ta taɓa jin wata tana cewa, "Ai mutum ba a gane shi, tunda har a rediyo aka faɗa." Iya ta daina fita ko biki ko gaisuwa. Kullum tana zaune da rediyo a gefen tabarma, maganarta guda ce.

"Ni ba na neman a kashe kowa. A faɗa a nan inda aka faɗi waccan, cewa ɗana bai zaro wa kowa wuƙa ba. In na ji wannan, ko yau na mutu na gode Allah."

Direbobin tasha ba su bar maganar ba. Suka yi ta kai da kawo har bayan damina, aka turo kwamitin bincike Gashuwa. Cikinsu akwai wata matashiyar lauya, Barista Shuhada, ita ta zo gidan. Ta durƙusa ta gaida Iya, ta yi ta'aziyya, sannan ta faɗi inda aka makale. Ba a duba gawar ba kafin a binne. Malamin da ya yi wanka ya ce abin da ya gani a jikin mamaci amana ce, ba ya faɗa a gaban kowa. Da baristar ta ambaci tone kabari, Iya ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

Baristar ta juya wurin Ya Fanna. "To Mama, rigar da ke jikinsa fa? Tana nan?"

"An yi sadaka da ita, 'yata."

"Don Allah a nemo ta. In muka same ta, ina jin za ta wanke shi daga zargin nan."

Ya Fanna ba ta ambaci faci ba, don ba ta ga abin ambata a ciki ba. Ta rufe keke, ta tafi wurin liman. Liman ya tuna cewa ya ba wani dattijon Bafulatani, Baffa Abbo, mai sayar da igiya a karar shanu ta Nguru. Ta ɗauki babbar rigar marigayi mijinta don musaya, ta shiga mota. Da suka iso shingen ta runtse ido, ba ta buɗe ba sai da ta ji direba ya ƙara wuta.

A kara, cikin ƙura da kukan shanu, ta baya ta hango rigar kafin ta ga mai ita. Ta tsaya cak, don tsayinsa ma kusan ɗaya ne da na Madu. Ta daure ta ƙarasa ta gaishe shi, ta faɗa masa ko ita wace ce da abin da ya kawo ta. Dattijon ya yi salati ya kama haɓa.

"Ashe a cikinta aka kashe bawan Allah? Ni kuwa kullum da ita nake sallah, ina yi wa mai ita addu'a ban san shi ba."

Ya zagaya bayan rumfa ya tuɓe, ya karɓi wadda ta kawo masa. Ta dawo Gashuwa da rigar a ƙirjinta, tana jin sauƙin da rabonta da shi tun ranar da aka binne Madu. Ta ce da Iya ta kwantar da hankalinta, an kusa. Har guga ta yi wa rigar, don kada a kai wa manyan mutane abu a yamutse.

Ɗakin da kwamitin ke zama ya cika da direbobi. Ga lauyan 'yan sanda a gefe, ga likitan kwamiti, Dakta Abdulganiyu. Barista Shuhada ta warware rigar a kan tebur, sai hannunta ya tsaya. Likitan ya sa reza ya farke facin gaba, ya juya ya farke na baya. Ya ɗaga rigar sama. Ramuka biyu ne masu kusurwa huɗu, girmansu ɗaya, haske na shiga ta wannan yana fita ta wancan.

"Mama, haka kika same su?" in ji shi.

"A'a, likita. Na bayan ɗan ƙarami ne, kamar bakin yatsa. Na gaban ne ya yage sosai. Ni na daidaita su."

Likitan ya cire tabarau. Sannan ya yi mata bayani a hankali. Ya ce yawanci inda harsashi ya shiga huda ce ƙarama, inda ya fita nan yake yaga. In yadda ta faɗa haka ne, to ba fuskantar su Madu yake yi ba. Baya ya ba su.

Ɗakin ya ɗauki salati. Ya Fanna ta miƙe tsaye. Watanni tana ɗauke da wannan a idonta ba ta san abin da ta gani ba. Ta dafa tebur ta ce, "To ga shi na faɗa! Wallahi da idona na gani! A rubuta!"

Barista Shuhada ta tambaye ta ina ƙyallayen da ta yanke. Ta ce ta ƙone su. Ko akwai wanda ya ga rigar kafin ta gyara? Babu, ai ɓoyewa ta yi.

Lauyan 'yan sanda ya miƙe cikin ladabi ya yi mata ta'aziyya. Ya ce tambayarsa ɗaya ce.

"Hajiya, wa ya sa wa rigar nan almakashi?"

"Ni ce."

"Na gode. Ba ni da sauran tambaya."

Shugaban kwamitin ya ce za a rubuta maganarta kamar yadda ta faɗa, amma magana ce ta 'yar'uwar mamaci, ita kuwa rigar yanzu ba ta nuna gaba ba ta nuna baya. Baristar ta bi Ya Fanna har bakin ƙofa tana cewa ba za ta bar maganar ba, sai dai ta kasa haɗa ido da ita.

Ya Fanna ta iske Iya a kan tabarma, ta sa sabon mayafi, rediyo na gefenta a kunne. Tsohuwar ta ɗago kai.

"Yaya, Fanna? Rigar ta nuna?"

"Ta baya suka harbe shi, Iya. Likita ya ce baya ya ba su."

Iya ta ɗaga hannu sama tana kuka tana hamdala. "Na sani! Na san ɗana! To yaushe za su faɗa? Yau, ko sai labaran safe?"

Ya Fanna ta buɗe baki za ta faɗa mata cewa ba za a yi wata sanarwa ba. Iya ba ta lura ba. Ta jawo rediyon kusa da kunnenta, ta ƙara murya, ta ce da ita ta yi shiru kada su rasa farkon sanarwar.