Tarin da ke Cikin Waƙar Jimrau

Jimrau ɗan Ma'u, jikan Isufu na Korahane: haka mai shayin tashar Dakoro ya ba ni sunansa, domin ni ban san shi ba. Dogo ne siriri, rawaninsa a saɓe bisa kafaɗa, ga alama ɗan makiyaya ne da gari ya janye. Yana zaune tsakanin mawaƙa biyu, yana sa musu a salula waƙar da ya haɗa da kansa, karo na biyar ke nan, ni kuwa ina jiran motar Maraɗi.

Ba zan zalunce shi ba, waƙar tana da tsari: sarewa a ƙasa, muryarsa a bisa. Amma a tsakiya sarewar takan yanke, wani tsoho ya yi tari sau biyu, sannan busa ta ci gaba. Shekara talatin na yi ina malanta, ina gyaran aikin ƴan lakkwal, ban taɓa ƙyale kuskure irin wannan ba.

"Kai Jimrau, goge tarin nan," in ji ɗayansu, mai gurmi a cinya. "Mutanen radiyo sun ce ba su sa ta haka. Ko asibiti ka yi wa waƙar?"

Shi kuwa Jimrau da an zo wurin tarin sai ya ƙara muryar salular. Haƙurina ya ƙare, na ce, "Saurayi, don me kake ɓata aikinka da hannunka?"

Ya ce, "Baba, mai busar mahaifina ne, bara ya rasu. Sarewa kowa na iya busa mini. Tarin nan kuwa nasa ne."