Motar da Malam Ya Hana a Taɓa

Shin a bar motar Malam yadda ya bar ta, ko a farke cikinta a sa mata wani inji? Tun da na fita takaba 'ya'yana suka ce magana tana hannuna, ni kuwa har yau na kasa buɗe baki. Binta, ke 'yata ce, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini. In na yi kuka ki ɗan dakata.

Ina yarinya a wani ƙauye kusa da Ushafa muke, tun Abuja tana daji da duwatsu. Kakata, da muke ce wa Iya, ita ce mai tatsuniyar gidanmu. Da an sauke tuwo sai ta tura sauran garwashi gefe, ta binne doya a toka, mu zagaye ta. Rabin yaran 'ya'yan maƙwabtanmu Gwarawa ne, iyayensu mata masu ginin tukwane, jikinsu duk ƙamshin yumɓu. Iya ba ta da haƙoran sama, sai ka matso kake jin ta.

"A rufe baki, a buɗe kunne," in ji ta. "Ke Ladi, in kika katse ni yau, ba ki da doya."

Akwai wadda ba na mantawa. Wata mai ginin tukwane ta mutu ta bar wa 'ya'yanta mata biyu randa ɗai-ɗai, masu sanyin ruwa har haƙori ya amsa. Ƙaramar ta ga tata ta yi baƙi, gansakuka ya kama gindinta, sai ta kankare ta, ta shafe ta da man kaɗe har tana ƙyalli. Daga ranar ruwan ya koma ɗumi, don randa sai ta yi gumi take sanyaya ruwa, ita kuwa ta toshe mata ƙofofin jiki. Babbar ta rantse ko farce ba zai taɓa aikin uwarta ba. Tsaga ta fito a gefe, aka ce ta liƙe, ta ƙi. Shekarar fari ta zo, ta yi tafiyar yini ta samo ruwa ta zuba. Da safe ɗanta yana zazzaɓi yana kiran ruwa, ta je ta tarar da ƙasa jiƙe, randa wayam.

Muka ce, "Iya, to wacce ta yi daidai?"

Ta tono doyarta tana hurawa. "Ni na san musu? Ku je ku tambayi uwarsu a kabari. Ku ci ku kwanta."

Malam direba ne a ma'aikata, cikin waɗanda aka taso daga Legas. Motar ta ogansa ce, fara, doguwa, mai jajayen kujeru. Da ogan ya yi ritaya sai ya bar masa ita, muka zo da ita Tungan Maje. Malam bai yarda a canza mata ko madubi ba. Rediyonta ya daina kama komai sai shuu, ya ce haka nan ta zo. Samarin nan masu sha'awar tsofaffin motoci sukan tsayar da shi a hanya su ɗauki hoto, su ce, "Baba, orijina ce?" Ranar ko abinci bai cika ci ba don daɗi.

Babangida, ɗanmu na fari, bakanike ne a Apo. Ya yi ta roƙonsa.

"Baba, kayan injin nan sun ƙare a kasuwa. Na zaga Apo, na zaga Zuba, har Kano na aika. Ka bar ni in sa mata injin Beljiyam, na hannu daga waje, jikinta ba zan taɓa ba."

"Kai da ka iya kwance-kwance, je ka kwance taka. Wannan ta girme ka."

"Ai shi ya sa, Baba. Sai ta ga dama take tashi."

"Kai ma sai ka ga dama kake zuwa gaishe mu, mun canza ka?"

Tun ina amarya na taɓa ba Malam tatsuniyar Iya, duka na ba shi, har da fari da zazzaɓin yaro. Rabin farko kawai ya ɗauka. Duk sanda Babangida ya tayar da zancen sai ya nuna ni ya ce, "Tambayi uwarka labarin randar da aka shafa wa mai." In na ce akwai saura, ya ce sauran na yara ne.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Malam ya gama karin kumallo ke nan ya dafe ƙirji, ya zame daga kan tabarma. Masu motocin layinmu duk sun fita aiki. Babangida yana Apo. Maƙwabcinmu Baban Joy, mutumin Filato mai shago, shi ya ɗauki Malam ya sa a kujerar bayan motar, na tallafe kansa a cinyata. Ya murza makulli, ta yi ƙar-ƙar-ƙar, ta yi shiru. Ya sake, ya sake. Mata suka fito da zannuwansu a ɗaure suna turawa cikin laka. Kafin a samo mai keken haya mai ƙafa uku daga bakin titi, babu sauran abin da za a kai asibiti a Gwagwalada. Na san kwanansa ne ya ƙare, Allah ya yafe mini, amma har yau in na rufe ido sai in ji wannan ƙar-ƙar ɗin.

Yanzu abin da ya fi ci mini rai, Babangida ne ya juya. Shi da ya yi shekaru yana roƙo, yau cewa yake, "Mama, ko noti ɗaya ba zan kwance ba, haka Baba ya so ta." Ni kuma wani lokaci ji nake kamar in ɗauki taɓarya in farfasa injin nan da hannuna. Sai in je in buɗe ƙofa. Kujerarsa ta loɓa daidai zamansa, turarensa yana nan a jikin sitiyari. In aka sa mata wani inji, za ta shigo layi da muryar da ban sani ba, ni da na yi rayuwata ina gane dawowarsa tun daga kwanar layinmu. In aka bar ta, kullum zan fito tsakar gida in ga abin da ya ƙi tashi.

Da ina jin haushin Iya, wai rowar amsa ta yi mana. Yanzu na gane ba ta da ita ne. Ta binne mutane da yawa kafin ta zauna bakin wutar nan, ta san kowace daga cikin 'yan matan nan uwarta take nema a cikin randa, kuma babu wadda ta same ta.

Kun sha tambayata ko ya bar wasiyya. Ban taɓa faɗa muku ba, don kunya nake ji, kuma haushi nake ji. Shekara da shekaru muna tare. Na sunkuya kusa da bakinsa ina kuka, ina cewa, "Malam, ka yi salati, ka yi mini magana." Ya yi salatin, alhamdu lillahi. Sannan ya buɗe ido, ya saurari matan da ke nishi a bayanmu, ya kama hannuna ya ce:

"Ladi, ce musu su tura ta gefe-gefe. Za su lotsa mata but ɗin baya."